Barsalona ko Civitavecchia: Ina Za Ka Hau Jirgin Ruwan Yawon Buɗe Ido?

Jiragen da ke zagaya yammacin tekun Bahar Rum sukan ɗauki fasinja a duka biyun, wato Barsalona ta Sifaniya da Civitavecchia ta Italiya, don haka fara duba nisan tasha da filin jirgin sama. A Barsalona tashar na gefen gari, daga filin jirgin El Prat tasi bai cika wuce minti 30 ba. Civitavecchia kuwa, ko da tikiti ya ce "Roma", tana da nisan kusan kilomita 80 daga birnin. Jirgin ƙasa daga tashar Termini ta Roma yakan ci awa ɗaya ko fiye, sannan ka shiga bas zuwa bakin jirgi da akwatuna. Mai tafiya da tsofaffi ko yara, Barsalona ta fi masa sauƙi.

Kowacce ka zaɓa, ka sauka kwana ɗaya kafin tafiya. Ana rufe shiga tun kafin lokacin tashi, kuma jirgi ba ya jiran wanda ya makara.

Sai biza. Sifaniya da Italiya duk suna yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, amma idan jirgin zai tsaya Tunis ko Turkiyya, da ke wajen yankin, ya dawo, nemi biza mai shiga sau da yawa, kada a hana ka hawa tun a bakin ƙofa.