Yadda na shawo kan ciwon baya ta hanyar horar da jijiyoyi

Ciwon baya ya daɗe yana hana ni ruku'u yadda ya kamata, musamman bayan dogon zama cikin cunkoson motoci daga Agege zuwa kasuwar Mile 12 a Legas. Hoton asibiti bai nuna rauni ba, sai likitan gashin ƙashi ya bayyana mini cewa idan ciwo ya wuce wata 3, jijiyoyi da ƙwaƙwalwa sukan ɗauki motsi mara illa tamkar haɗari. Na fara da kwanciya rigingine a tabarma, ina karkata gwiwoyi hagu da dama a hankali, ina sakin numfashi mai tsawo. Daga nan na riƙa ƙara sunkuyawa kaɗan-kaɗan, ina dakatawa kafin zafin ya tsananta, domin gaggawa tana tayar da ciwon. Yanzu ina salla a tsaye, ina kuma ɗaga kwandon tumatir.