Rilaksa ko gashinki na asali? Shawarar mai kitso

A tsakar gidanmu da ke Jekadafari a Gombe nake kitso, kuma da wuya a yi mako wata ba ta tambaye ni ba: "Anti, in sa rilaksa ko in bar shi haka?" Ba na cewa komai sai na tsefe kan na ga fatar.

Ke ma daga nan za ki fara. In akwai ƙuraje ko amosani, ko gashin goshi ya fara ja da baya, to zancen rilaksa, wato man miƙar da gashi, ya mutu sai kan ya warke. Wani man, sodar nan da ake haɗa sabulu ce a cikinsa. Wanda aka rubuta babu soda ma yana ƙona fata, ga busar da gashi. Ina da tabo kamar ƙwayar gyaɗa a bayan kunnena na hagu, tun ranar da wata mai salun ta ce in daure, wai zafin alama ce man yana ci. Da kin ji raɗaɗi, ki ce a wanke.

Sai ki duba lokacinki. Gashin asali ba ya son gaggawa. Ranar wanki ki jiƙa karkashi, ki kasa kan gida huɗu, ki warware da yatsu yana da santsi, sannan babban mataji ya shiga, daga baki zuwa gindi. In kika taje shi a bushe, rabinsa a mataji zai tsaya. Da hunturu kuwa man kaɗe ne gatanki. Kuma don Allah ki bar shi ya sha iska kafin ɗankwali da hijabi su hau, don a zafin Gombe jiƙaƙƙen kai ba ya ɓoyuwa, ni da nake sunkuyawa a kansa na sani.

In rilaksar kika zaɓa saboda sammakon aiki, ban ga laifinki ba, amma da sharaɗi. Gashi kusan santimita ɗaya yake ƙaruwa a wata, saboda haka ki jira mako 8 zuwa 12 kafin ki sake, kuma sabon tsiro kaɗai za a shafa wa. Kada ki yi susa, kada ki shafa ranar da kika yi tsifa. A zagaye goshi da kunnuwa da basilin, a wanke da shamfun da ke kashe kaifin man. Wadda ta kawo min kai washegarin sa rilaksa wai shukun biki, gida nake mai da ita. 'Yan yara kuwa ko da Sallah ba na yarda.

Akwai abin da ba na ɓoye wa kowa. A 2022 wani babban bincike a Amurka ya gano cewa matan da ke amfani da man miƙar da gashi fiye da sau huɗu a shekara sun ninka waɗanda ba sa shafawa haɗarin kamuwa da sankarar mahaifa. Ba kowa ke kamuwa ba, amma ni shi ya sa na ajiye.

Mai son dawowa gashin asali, ki sani babu man da ke mai da miƙaƙƙen gashi yadda yake, almakashi ne kawai. Inda tsoho ya haɗu da sabo, nan yake tsinkewa. Ni ban iya aske shi gaba ɗaya ba. Kalaba sako-sako na riƙa yi, duk tsifa ƙanwata ta datse bakin kaɗan, sai da muka shekara da rabi kafin na ƙarshen ya faɗi a tabarma.