Yadda za ka ci tako a bakin teku da iyalinka ba tare da ka haɗiye alade ba

Duk wanda Allah ya hore masa har ya kwashi uwargida da yara zuwa bakin teku a ƙasar Meziko, ko Kankun ne ko Tulum ko Playa del Carmen, to ya sani abincin otal ba zai riƙe shi ba, ga tsada ga salam, kwana biyu yara za su fara ture faranti. Abincin garin na gaskiya yana bakin titi, wajen masu tako. Kuma kar wani ya ce wa zai je can daga ƙauyukanmu, ai zoɓon da ake lodawa a tirela daga Maigatari da Gumel da kewaye babbar mai sayensa Meziko ce, 'yan kasuwarmu sun san hanya, kuma wanda kasuwa ta kai yau gobe iyali zai kai.

Shi tako ba wani abin mamaki ba ne. Wani ɗan fai-fai ne na masara siriri, faɗinsa bai fi tafin hannu ba, suna ce masa tortiya, ana dafa masarar da ruwan farar ƙasa irin ta abinci kafin a niƙa shi ya sa yake lanƙwasuwa ba ya karyewa kuma yana da wani ƙamshi nasa. Sai a ɗumama shi a kan ƙarfe mai zafi, yawanci guda biyu a haɗe, a zuba nama ko kifi a tsakiya, a watsa albasa da wani ganye mai ƙamshi silantiro, a miƙo maka da yankan lemun tsami. Shi ke nan. Ƙanana ne, babban mutum sai ya ci huɗu biyar bai ji komai ba. A 2010 UNESCO ta sa girkin gargajiyar Meziko cikin kayan gadon duniya, to ka ga ba da wasa suka riƙe shi ba.

Amma fa Alhaji matsalarmu a can ba yaji ba ce, ba kuma tsabta ba ce ta farko. Alade ne. Mutanen nan alade a wajensu shi ne naman yau da kullum, kuma takon da ya fi shahara, wanda za ka ga layi a kansa da daddare, na alade ne. Za ka hango nama ja-ja-wur an jera shi a tsaye a kan ƙarfe yana juyawa gaban wuta da abarba a samansa, yaranka za su ce Baba ga shawarma, kuma ba su yi ƙarya sosai ba don asalinsa daga shawarmar Labanawan da suka yi hijira can ne, sai dai su 'yan Meziko suka cire rago suka sa alade. Sunansa al pastor. Ka ja hannun yara ku wuce. Haka carnitas, alade ne da aka dafa cikin kitsensa. Cochinita pibil, wanda a yankin Kankun da Tulum shi ne abin alfaharinsu kuma da safe ake sayar da shi, alade ne. Chorizo da longaniza, tsiran alade ne. Chicharrón, fatarsa ce soyayya. Lechón, ɗan aladen ne gasasshe. Ka rubuta sunayen nan a waya ka ba uwargida da babban yaronka su ma, don wata rana kana can kana sallah su ne za su tsaya gaban mai tako.

Waɗannan ma masu sauƙi ne tunda suna da suna a rubuce a allo. Wanda ke kama mutum shi ne wanda ba a rubutawa.

Na farko kitse. Suna ce masa manteca, man alade ne fari da ake narkarwa a yi girki da shi, kuma su ba sa ɗaukarsa nama, za ka ce wa mutum ba ka cin alade ya gyaɗa kai da zuciya ɗaya ya zubo maka dakakken wake wanda aka soya da shi. Waken nan, frijoles refritos, sau da yawa da manteca ake yi. Tortiyar fulawa, wadda ta fi ta masara girma da laushi, ita ma a al'ada da kitsen ake kwaɓa ta, ta masara kuwa masara ce da ruwa, to ka riƙa cewa ta masara kake so, maíz. Sai dai ita ma ka tsaya ka kalli hannun mai yi, don wasu kafin su ɗora ta a wuta sai sun ɗan tsoma gefenta cikin man da nama ke ciki. Ka tsaya minti biyu ka kalli yadda ake yi wa na gabanka kafin ka buɗe baki, wannan kallon ya fi duk tambayar da za ka yi.

Na biyu shi kansa ƙarfen suyar. Ko ka ce naman sa kake so, carne asada ko suadero, za ka ga faranti ɗaya ne mai faɗi, tsiran alade na gefe yana tsiyayar da jan mai, man na gangarowa ƙarƙashin naman sa, wuƙa ɗaya, katako ɗaya, hannu ɗaya. Suadero ma a cikin kasko ɗaya yake nutso da tsiran tun farko. Ga kuma maganar yanka, Musulmi a ƙasar kaɗan ne ƙwarai, mai kurar tako bai san wata mahautar halal ba. Na san akwai masu kawo maganar yankan Ahlul Kitabi, wannan ka je wa malaminku da ita tun kana gida kafin ka hau jirgi, amma ni dai ra'ayina ko an warware maganar yanka ba a warware ta kasko ba, don haka nama a bakin titi a bar shi kawai. Har birria ta akuya da barbacoa ta rago, masu ƙamshin da zai sa ka tuna babbar sallah, sai dai ka haɗiye yawu.

To me ya rage? Ai bakin teku ka zo. Kifi da jatan lande, kuma mu 'yan Malikiyya abin da ya fito daga teku ba mu da ja a kansa. Ka nemi wurin da abincin teku kaɗai yake sayarwa, za ka ga an rubuta mariscos ko marisquería, nan ne hankalinka zai fi kwanciya don ƙarfensu kifi ya sani. Kifi pescado, jatan lande camarón. Amma nan ma akwai tarko ɗaya, takon kifin da ya yi suna, irin na Ensenada a Baja California wanda yanzu ya bazu ko'ina, ana tsoma kifin a kwaɓin fulawa a soya, kuma kwaɓin nan da yawa da giya suke dama shi don ya yi ƙaras-ƙaras. Don haka ka ce a la plancha, wato a gasa maka a kan ƙarfe ba kwaɓi. Kuma in ka ga jatan lande an naɗe shi da wani siririn nama, tocino ne, shi ma alade. A yankin Kankun da tsibirin Isla Mujeres akwai gasasshen kifi da ake kira tikin xic, ana buɗe shi a shafe shi da wani jan haɗi da ruwan lemu mai tsami a gasa a garwashi, a kawo muku da tarin tortiya kowa ya naɗa nasa, wallahi in iyali ne wannan ya fi muku sayen ɗai-ɗai, kifi guda babba ya ishe ku.

Ranar da aka gaji da kifi akwai na dankali, da na laimar kwaɗi, da rajas wato yankakken tattasai kore da madara mai kauri, da nopales wanda ganyen wata ƙaya ce mai yauƙi-yauƙi, duk wanda ya tashi da kuɓewa ba zai ƙi shi ba. Dankalin dai ka tambaya, sun cika haɗa shi da chorizo.

Maganar yare kuwa kar ka dogara da Turanci, daga ka bar layin otal-otal Sifaniyanci ne zalla. Ka rubuta a takarda da manyan baƙi: No como puerco, ni manteca, ni cerveza, ma'ana ba na cin alade, ko kitsensa, ko giya. Wani wurin cerdo suke cewa maimakon puerco, duk ɗaya ne. Ka miƙa masa takardar ya karanta da idonsa, ya fi ka tsaya kana murɗa harshe layi na jiranka. In ya yi jim ya kalli abokin aikinsa, ka ce gracias, wato na gode, ka yi gaba, masu tako ba sa ƙarewa.

Zaɓen wurin kuwa ba sai an koya maka ba, yadda kake zaɓen mai tsire ranar kasuwa ne, inda mutanen gari suka yi cincirindo kuma kaya ke ƙarewa ana sako sabo. Ka duba ko akwai direbobin tasi da leburori da mata masu goyo, in ka ga Turawa zalla da hoton abinci a allo da mai kiranka amigo, wato aboki, tun daga nesa to kuɗin wuri za ka biya. A Kankun ka hau bas daga layin otal-otal ka shiga cikin gari, wajen Parque de las Palapas da yamma iyalai ne cike da yara na wasa, a Playa del Carmen kuma ka bar titin nan na masu yawon buɗe ido, Quinta Avenida, ka yi ciki ka bar teku a bayanka, kowane layi ka ƙara farashi na sauka. Ka lura da wanda ke karɓar kuɗi, in hannun da ke naɗa tako shi ke ƙirga canji ba leda ba safar hannu, a'a. Farantin roba da za ka ga an sa masa leda kuwa kar ya ba ka tsoro, dabara ce, kowa ya gama a cire ledar a sa sabuwa.

Sai lokaci, kuma nan mutanenmu ke yin asara. Masu kifi na rana ne, daga hantsi zuwa la'asar, da yawansu kafin magariba sun kwashe. Dare na masu nama ne, wato na al pastor. To babban cinku ya zama tsakanin azahar da la'asar, kar ku biye wa yara a ruwa har rana ta faɗi sannan ku fito neman abinci, za ku yi ta yawo ƙamshi na dukan hancinku ba abin da za ku iya taɓawa.

Za a tambaye ka con todo, wato a sa komai, albasa da ganye. Kai babba ka ce sí, wato eh. Na ƙananan yara ka ce a bar ɗanyen ganye da kabeji, tunda da ruwan da ba ka sani ba aka wanke su, ka sa a yi musu quesadilla, tortiyar masara da narkakken cuku kawai, ko da ɗan gasasshen kifi da ka bi da yatsa ka tabbatar ba ƙaya. Yaron da bai taɓa cin jatan lande ba a ba shi kaɗan tukuna a ga jikinsa, wasu yana sa musu ƙaiƙayi da kumburi. Ceviche da aguachile kuwa ɗanyen kifi ne da ɗanyen jatan lande da aka jiƙa da lemun tsami, bai ga wuta ba, yara da mai juna biyu su nisance shi.

Miyar yajin tana gefe cikin ƙananan kwanuka, kore da ja da wata ruwan goro, kai za ka zuba da kanka. Mu dai ba a tsorata mu da yaji, amma a yankin nan habanero suke amfani da shi, ɗan'uwan attaruhu ne na jini, kuma kala ba ta nuna zafi, wata koriyar mai kama da ta fiya sai ta fi jar tashin hankali. Ɗiga ɗaya a bayan hannu ka lasa. Albasar nan mai launin hoda da Hajiya za ta ɗauka ado ce, sau da yawa akwai yankakken habanero a ɓoye cikinta. Kuma kwanon da ya wuni a buɗe cikin rana ƙuda na sauka, bar shi, lemun tsami da gishiri sun wadatar.

Abin sha ne zai ba ka dariya, manyan kwalabe a jere, ja ɗin nan agua de jamaica zoɓo ne tsaf, wa ya sani ma ko daga gonar ƙauyenku ya fito, sai dai nasu ba citta ba kanumfari. Mai ruwan ƙasa tsamiya ce, farin kuma horchata, na shinkafa da kirfa. Ruwan famfo su kansu 'yan ƙasar ba sa sha, to inda ke da ciniki sosai yawanci da ruwan jarka mai tsabta suke haɗawa da ƙanƙarar kamfani, amma ƙananan yara dai a saya musu na kwalba a rufe. Kofin da ka ga an shafe bakinsa da gishiri da barkono, sau da yawa michelada ce, wato giya. Tepache na abarba shi ma an bar shi ya ɗan tsima, a bar musu kayansu.

A tsaye ake ci, ka kama da yatsu uku na dama ka karkata kai ka kai baki gare shi, in ka ɗaga shi sama romon a gaban rigarka zai sauka. Kar ka yi odar goma lokaci ɗaya, tortiya in ta huce sai ta tsage, bibbiyu ake karɓa ana ci ana ƙarawa. Kuɗi a ƙarshe ake biya, da yawa ma kai za a tambaya nawa ka ci, to ka naɗa yaro ɗaya ya riƙe lissafi. Ka tanadi ƙananan peso, kuɗin ƙasar, a aljihu, babbar takarda ba canji, dala kuma in sun karɓa da nasu farashin za su karɓa.

Kilishi da dambun naman da Hajiya za ta so ta cusa a jaka saboda tsoron yunwa, a bar su a gida, ba a shiga ƙasar da nama irin wannan, a filin jirgi za a ƙwace. Abin da ya kamata ya shiga jakar shi ne sabulun hannu ko sanitaiza, da 'yan fakitin ORS, don ko kun kiyaye duka cikin wani zai iya juyawa saboda sauyin ruwa da mai. In sun ƙare, kowane kemis ko shagon OXXO ka ce suero za a ba ka, in na fakiti ne a haɗa da ruwan kwalba, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan. In kuwa ka ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi, ko yaro ya daina fitsari idonsa ya faɗa, ba maganar jira ba ce, ku nemi likita a ranar.