Yadda na raba gindin katangata da ruwan damina

Damina biyu ruwa na kwana a tsakar gidanmu a Yamai, har gindin katangar ɗakin Inna ya jiƙe, siminti na ɓarewa. Na zuba jar ƙasa, na sake shafe, duk a banza.

Magini ya ce mu fasa bakin titi mu kai ruwan lambatun gwamnati. Mun soma haƙa mai unguwa ya tsayar da mu: ƙofar gida ba tawa ba ce, sai da izini. Gaskiyarsa.

Na je ofishin magajin garin gundumarmu da takardar fili, katin ɗan ƙasa da zanen hanyar bututun da zai fitar da ruwan. Ma'aikaci ya zo ya duba, ya gindaya sharaɗi: ruwan sama kaɗai, ban da na wanka ko na masai.

Muka haƙa rami santimita 60 a gefen katanga, gangara santimita 2 a kowace mita. Muka shimfiɗa tsakuwa, muka kwantar da bututun roba na PVC mai huji-huji, mai faɗin milimita 100, hujojinsa na kallon ƙasa, muka rufe da tsakuwa. A mafita muka sa raga saboda leda.

Ruwan Agusta ya sauka, katanga a bushe. Alhamdulillahi, na gode wa mai unguwa.