Maki ya yi ƙasa, shekaru sun ja, kuma kana son karatun likitan dabbobi a Amurka: kurakuran da aka fi yi

Kafin ka biya ko sisi a kan wani kwas, ɗauki biro mu yi wani ɗan lissafi tukuna. A ce ka gama digirin farko shekara takwas ko goma da suka wuce, kiredit 120 (ma'aunin nauyin kwasa-kwasan da ka ɗauka), GPA ɗinka, wato matsakaicin makinka, 2.7 a ma'aunin 4.0. Yanzu ka dawo da zafinka, ka koma aji shekara guda cur ka ɗauki kiredit 30 kuma duka ka ci A, ko B ɗaya babu. Tsohon ya ba ka 324, sabon ya ba ka 120, ka haɗa 444 ka raba da 150. Abun da zai fito 2.96 ne. Shekara guda ta rashin barci da kashe kuɗi, ko 3.0 ba ka taɓa ba.

To nan ne kuskuren da ya fi kowanne cin mutane, wato bin tsohon GPA da gudu ana so a ɗaga shi. Ba ya ɗaguwa yanda kake so, ya riga ya yi nauyi, kiredit 120 ba wasa ba ne. Wasu in sun yi wannan lissafin sai gwiwarsu ta yi sanyi su haƙura gaba ɗaya, shi ma kuskure ne, domin kwamitin ɗaukar ɗalibai ba lamba ɗaya suke kallo ba. Akwai GPA na gaba ɗaya, akwai na kwasa-kwasan kimiyya zalla, sannan makarantu da yawa suna ware na kiredit 45 ɗinka na ƙarshe su duba shi daban. Wannan na ƙarshen shi ne a hannunka. Samista uku ko huɗu masu kyau sun isa su maida shi sabo fil, ba ruwansa da abun da ka yi kana ɗan shekara 19. Kuma in ka tsaya ka yi tunani, tambayar da ke zuciyar kwamitin guda ɗaya ce, shin wannan mutumin zai iya ɗaukar kayan da za mu ɗora masa? Karatun DVM, wato digirin likitan dabbobi, yawanci shekara huɗu ne, kuma tun shekarar farko ana zuba maka kusan kiredit 20 a samista, ilimin sassan jiki da yanda jiki ke aiki da ƙwayoyin cuta, ba na dabba ɗaya ba kuma, kare daban doki daban saniya daban. Ba tuba suke nema a wajenka ba, shaida suke so su gani a takarda cewa kai na yau ba na jiya ba ne.

Af, ina ta cewa "ka, ka", alhali yawancin ɗaliban wannan fannin a Amurka yanzu mata ne, da tazara mai yawa ma. Duk abun da na faɗa ya shafe ki ke ma.

Sai maganar maimaita kwas, wadda ita ma ana tafka kuskure a kanta sosai. Jami'arka ta da ƙila tana da dokar cewa in ka sake kwas sabon makin yana goge tsohon. To VMCAS, wato tsarin da yawancin makarantun suke karɓar fom ta cikinsa, ba ya gogewa. Duka biyun yake lissafawa. Ka ci C a da, ka dawo ka ci A, a lissafi B ke nan kawai, ga kuɗin kwas ka biya sau biyu. Saboda haka ba kowane C ake komawa kai ba. Wanda ya zama dole shi ne kwas ɗin da ke cikin sharuɗɗan shiga kuma makinka a ciki bai kai abun da makarantar ke karɓa ba, yawanci C ne iyaka, wasu su ɗan sassauta zuwa C-. In ka samu C a kemistiri na aji ɗaya, a nawa ganin gara ka wuce gaba ka ɗauki bayokemistiri ko ilimin ƙwayoyin cuta ko na gadon halitta ka ci A a can, wannan ya fi magana da ƙarfi, don ya nuna ka iya abun da ya fi wancan wuya. Sai dai fa in har kai da kanka ka san tushen ya ruɓe, ba ka tuna komai, to koma ka gyara, kar ka je ka ƙara wani C ɗin a saman na da. Kuma ka kula da inda kake ɗaukar kwas ɗin, kwalejojin shekara biyu sun fi araha kuma suna da ajin dare, amma akwai makarantun da ke cewa kwasa-kwasan babban aji sai a jami'a mai shekara huɗu za su karɓa.

Mai aiki da iyali yana faɗawa ɗaya daga cikin ramuka biyu. Ko dai ya dinga ɗaukar kwas ɗaya a samista har shekara huɗu, ya ci A ɗinsa lafiya lau, amma mai duba fayil ya ce to ai ba mu ga ya taɓa ɗaukar kaya mai nauyi ba. Ko kuma ya ce shekaru sun tafi bari in gama da wuri, ya kwashi kimiyya huɗu da lab ɗinsu yana kuma aikin awa 40 a sati ga yara a gida, ƙarshen samista sakamako ya fito B- da C. Na biyun ya fi muni nesa ba kusa ba, domin tsohon C kana da bakin cewa ƙuruciya ce, sabon C na bara me za ka ce? Ka fara da ɗaya ko biyu har hannunka ya faɗa, sannan ka tsara aƙalla samista ɗaya ko biyu masu nauyi na gaske, ko da za ka rage awannin aiki ne a wannan lokacin, ka tara kuɗin tun kafin ya zo.

Digiri na biyu kuma, mutane na ɗaukarsa kamar sabulun wanke GPA. Yana taimakawa in na kimiyya ne mai tsauri kuma ka yi fice, amma ba ya cike gurbin kwasa-kwasan sharaɗi da ba ka yi ba, kuma ba kowace makaranta ke haɗa makinsa da na digirin farko ba. Ka tambaya kafin ka ci bashi dominsa.

Wani abu da ke kama waɗanda suka daɗe da barin makaranta, kwas yana tsufa. Wasu makarantun ba sa karɓar kwas ɗin sharaɗi na kimiyya in ya wuce wasu shekaru, wasu goma, wasu ƙasa da haka, wasu kuma ba ruwansu. Mutum ya cike fom ya biya kuɗi yana ta jiran kira, ashe tun a tantancewar farko aka ajiye fayil ɗinsa gefe saboda fiziks ɗin 2011. Ka buɗe shafin kowace makaranta ka rubuta sharuɗɗanta a tebur, in wani abu bai fito fili ba ka tura musu imel, suna amsawa. A jihar Texas akwai wata doka da ake kira Academic Fresh Start, mazaunin jihar zai iya neman a yi watsi da makin da ya kai shekara goma ko fiye, amma duka ake zubarwa, da mai kyau da maras kyau, ba a tsince. Su can ma fom ɗinsu daban ne, ta tsarin jihar mai suna TMDSAS ake neman jami'o'in Texas A&M da Texas Tech.

Yanzu maganar gogewa. Fom ɗin ya raba abu biyu da mutane ke cakuɗawa, aiki da dabbobi daban, aiki ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi daban. Shekara goma kana kiwon dawaki ko kana aikin sa kai a gidan karnukan da ba su da masu su, wannan na farkon ne, yana da kyau amma ba ya shiga layi na biyu. Jami'ar California da ke Davis alal misali tana neman aƙalla awa 180, kuma wannan ƙofar shiga ce kawai, waɗanda ake ɗauka suna zuwa da abun da ya ninka haka. Ka samu littafi tun ranar farko kana rubuta kwanan wata da awanni da sunan likita da abun da ka gani, don wallahi bayan shekara biyu ba za ka tuna ba, sai ka koma ƙiyasi, ƙiyasi kuma shi ke kai mutum ga rubuta abun da ba zai iya karewa ba a intabiyu.

Akwai kuma kishiyar wannan, wanda ya yi shekara bakwai yana mataimakin likita a asibitin karnuka da kyanwoyi guda ɗaya, awanni dubbai, sai ya ɗauka za su rufe masa ramin maki. Ba sa rufewa. Awa ta 5,000 a wuri ɗaya ba ta ƙara maka komai a kan ta 2,000, gara ka ɗebi wannan lokacin ka zuba a karatu, ragowar kuma ka je ka bi likitan shanu ko na dawaki na wata biyu, ko ɗakin gwaje-gwaje, ko ɓangaren duba lafiyar nama, a ga ka san faɗin sana'ar.

Wasiƙun shaida aƙalla uku ake nema kuma yawancin makarantu na son ɗaya daga likitan dabbobi. Kuskuren shi ne neman babban suna, farfesan da ya koyar da kai a 2013 wanda ko fuskarka ba zai gane ba. Zai rubuta layi biyar masu sanyi. Mai ƙaramin maki wasiƙar da ya fi buƙata ita ce ta malamin da ya koyar da shi bana, wanda zai ce na ga wannan matar tana tashi daga aiki ta zo ajin dare kuma ita ce kan gaba a bayokemistiri. Don haka ka dinga zuwa ofishinsa da tambayoyi tun farkon samista, ba sai saura sati biyu a rufe fom ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Rubutun bayanin kai shi ne inda na fi jin takaici. Wurin ɗan kaɗan ne, haruffa 3,000, shafi ɗaya ke nan, sai mutum ya cinye rabinsa yana ba da haƙurin makin da ya samu, sauran rabin kuma tun ina yaro nake son dabbobi. Kowa na son dabbobi malam, duk wanda ya cike fom ɗin nan yana son su. Fom ɗin yana da wani gurbi daban na bayanin matsalolin da suka shafi karatu, can za ka kai maganar maki, kuma a taƙaice, ga abun da ya faru, rashin lafiya ce ko aiki biyu nake yi ko kawai ban maida hankali ba, ga abun da na canza, ga makin samista huɗun da suka wuce. Ba kuka, ba ɗora wa malami laifi. Shi kuma babban rubutun ka bar shi ga abun da ɗan shekara 21 ba shi da shi. In nas ce ke, kin san yanda ake gaya wa iyali labari maras daɗi. In ka yi soja ko koyarwa ko ka riƙe kasuwanci, ka san aiki cikin matsi da mu'amala da mutum mai fushi da maganar kuɗi, kuma rabin aikin likitan dabbobi da mai dabbar ake yin sa, sau da yawa ma a kan kuɗin magani ne. Mutane na ɓoye tsohuwar sana'arsu kamar abun kunya alhali ita ce jarinsu. Ka kawo misali ɗaya na gaske ka tsaya a kansa.

Kuma dan Allah kar ka ɓoye wata makaranta da ka taɓa yi, ko samista ɗaya ce ka gudu. Ana buƙatar takardar sakamako daga kowace, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne, in aka gano ko an ba ka gurbi ana iya ƙwacewa.

Zaɓen makaranta ma mutane na yin sa da ka, su bi suna su jera Cornell da Davis da Pennsylvania. Makarantun da aka amince da su a Amurka talatin da 'yan kai ne kawai, kuma na gwamnatin jiha suna ware kaso mai yawa na kujeru ga mazauna jihar, kuɗin makaranta ma ya fi musu sauƙi. Wanda jiharsa ba ta da makaranta ya bincika ko tana da yarjejeniyar kujeru da wata, kamar tsarin WICHE na jihohin yamma. Kanada ta fi tsanani a nan, makarantu biyar ne kuma kusan kowace lardunanta take yi wa aiki. Abun da ya kamata ka nema shi ne yanda kowace ke auna fayil, wadda ke ba kiredit 45 na ƙarshe nauyi ita ce taka, wadda ke yanke layi da GPA na gaba ɗaya kafin ɗan adam ya buɗe fayil ɗin kuwa kuɗin fom kawai za ka ba ta kyauta.

Akwai Ross a tsibirin St. Kitts da St. George's a Grenada, duka ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka AVMA ta amince da su, haka ma wasu a Landan da Edinburgh da Glasgow da Dublin. Hanya ce ta gaske, ɗalibansu na zana jarrabawar NAVLE kamar kowa su samu lasisi. Amma ka zauna da kalkuleta tukuna, domin ko a cikin Amurka ɗalibai da yawa na fitowa da bashin da ya haura dala 150,000, na waje kuma yakan fi haka, kuma wanda zai gama yana da shekara 40 lokacin biyansa bai kai na ɗan 26 ba. Makarantar da ba ta da amincewar AVMA kuwa sai ka bi ta ƙarin tantancewa ta ECFVG ko PAVE kafin ka yi aiki a Amurka, wata doguwar tafiyar ce daban.

GRE, wato jarrabawar neman shiga karatun gaba da digirin farko, kar ta ci maka wata uku sai ka tabbatar makarantun da ke jerinka suna nemanta, yawancinsu sun daina.

VMCAS na buɗewa tun Janairu ya rufe tsakiyar Satumba, kuma tantance takardun sakamako na ɗaukar makonni, don haka mai makarantu uku ko huɗu a tarihinsa ya tura nasa tun farkon bazarar can, Yuni ko Yuli. In kuma an ƙi ka a zagayen farko, wanda ba baƙon abu ba ne ko ga masu maki mai kyau, kar ka sake tura fayil ɗin nan yanda yake da sabon kwanan wata. Makarantu da dama suna yarda su zauna da wanda ba su ɗauka ba su duba fayil ɗinsa tare, ta waya ko ta bidiyo, amma sai ka nema kuma lokacin yana da iyaka. Ka shiga da biro da takarda ka tambaye su kai tsaye, a ina na faɗi, makin kimiyya ne ko awanni ko intabiyu, kuma wane kwas ne in na ci A a cikinsa zai canza yanda kuke kallon fayil ɗin nan baɗi.