Yadda ake sayen tsohuwar bindigar tirap mai baki ɗaya, a gyara katakonta, a fita fili da ita

Kusan duk shekara sai wani ya shigo kulob ɗinmu na harbi a nan jihar Ohio yana washe baki, ya zuge jaka ya fito da tsohuwar bindigar da ya ce ya gyara da hannunsa. Katako na ta sheƙi kamar kabad ɗin amarya. Amma ka kai ido inda katako ya haɗu da ƙarfe, sai ka ga ƙarfen ya fi katakon tudu, tsagar wurin riƙo, wato 'yan layukan da ake zanawa a katako don kada hannu ya zame, kuma ta shafe sumul. Samfefa ta cinye ta. Ba na yi wa irinsu dariya, don ni ma na taɓa ɓata tawa, sai dai ta wata hanyar daban da zan zo kanta.

Wanda bai san tirap ba, wasa ne na harbin faifan yumɓu. Mutum biyar ke jerawa a tashoshi biyar, yadi 16 a bayan wani ɗan ɗaki da na'ura ke cillo faifan daga cikinsa. Kowa zai harbi biyar a kowace tasha, zagaye ya kama 25. Faifai ɗaya, harsashi ɗaya, shi ya sa baki ɗaya ya wadatar. Bindigar geji 12 ce (ma'aunin faɗin ramin bututu ke nan), tsawon bututunta inci 32 ko 34, ga nauyi. Maharbanmu na gida da suka saba da 'yar mai baki ɗaya ta shiga daji, in suka ɗaga wannan cewa za su yi gungume ce. Nauyin nan da gangan aka yi shi, don shi ke shanye shurin bindiga idan mutum zai harba ɗari ko ɗari biyu a yini.

Saye

Maganar doka ba zan daɗe a kai ba. A Amurka, idan a shago za ka saya ko ta intanet daga wata jiha, sai ta bi ta hannun dillali mai lasin, ka cike fom mai lamba 4473, a bincika ko kana da laifin da ya hana ka riƙe makami. Mai girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, yana iya saye. Mai bizar karatu ko ta ziyara kuwa dokar tarayya ta hana shi, sai in ya faɗa cikin 'yan keɓantattu, kamar mai lasin farauta. Jihohi ma kowace da ƙarin nata. Kada ma ka fara tunanin cusa ta cikin kwantena ka aika gida, wannan hanyar gidan yari ce a can da nan.

Sunayen da za ka riƙa cin karo da su ba su da yawa: Ithaca, Parker, L.C. Smith, sai Browning BT-99 da kamfanin Miroku na Japan ke ƙerawa tun ƙarshen shekarun 1960. Ithaca iri biyu ce. Akwai Flues ta farko, akwai Knick da ta gaje ta a 1922, kowace kuma da darajojinta gwargwadon yawan zanen ƙarfe da kyan katako, har da wadda aka sa wa sunan John Philip Sousa, shahararren shugaban makaɗan nan da ya kamu da son harbin tirap. Ni dai dokata ita ce sabon shiga ya sayi tsohuwar BT-99 ko Knick mai darajar 4E. Flues da Parker ka bar wa masu tara kayan tarihi. Ranar da wani ɗan ƙarfe ya karye a cikinsu, sai ka yi watanni kana cigiya. In kana da hali ka je gasar Grand American da ake yi a watan Agusta a Sparta ta jihar Illinois. A Vandalia ta nan Ohio ake yin ta a da, har zuwa 2005. 'Yan kasuwa na baje irin waɗannan bindigogi, ka ɗaga goma a yini ɗaya ka ji wadda ta zauna maka a kafaɗa.

Da ka riƙe wadda ta kwanta maka, ka buɗe ta ka tabbatar babu komai a ciki, sannan ka rufe ka dubi ɗan hannun buɗewa da ke sama. In ya karkata dama kaɗan, makullin na da sauran rai. In ya tsaya a tsakiya ko ya wuce hagu, ta sha aiki. Cire katakon gaba, ka riƙe gindin ka girgiza. Ko ɗan motsi ka ji tsakanin bututu da jikin bindiga, aikin maƙeri ne, kuma ba na araha ba. Cire bututun ka rataya shi a yatsa, ka ƙwanƙwasa da farce ko fensir. Lafiyayye ƙara yake kamar ƙararrawa. In ya yi "dif", doron saiti da ke liƙe a kansa ya soma saki. Leƙa cikinsa ta wajen haske ka nemi ramukan tsatsa da loɓawa.

Akwai abin da ba na yarda a tsallake. Tsofaffin 'yan tirap da yawa sun sa an juya musu kunama, ta koma ba ta tashi in an ja, sai an saki. Suna yin haka ne don maganin zabura. Ƙa'ida ita ce a manna wa irin wannan bindiga alama, amma alamar takarda ce, tana ɓarewa, magajin da ke sayarwa kuma bai san komai a kai ba. Sa harsashin roba na gwaji, ka ja kunama a hankali, ka saurara. Ka kuma sani cewa yawancin bindigogin nan, har da BT-99, ba su da makullin kariya ko kaɗan. Kariyarsu ita ce a bar su a buɗe.

In ta intanet ka saya, kada ka biya sai mai sayarwa ya yarda da kwana uku na dubawa.

Katako, inda aikin yake

Kafin ka taɓa komai ka tambayi kanka ko ma tana bukatar gyaran. Bindiga mai babbar daraja da fentinta na asali, gyara rage mata kuɗi yake. Irin wannan a bar kaza cikin gashinta, a goge ta kawai. Wadda nake magana a kai ita ce wadda banish ɗinta ya tsattsage, katakon ya yi baƙi.

Sayi sukudireba na masu gyaran bindiga, mai bakin da ke cika ramin sukuru daidai. Na gida zamewa yake ya yi wa ƙarfe tabon da ba ya fita. Wasu bindigogin dogon noti ne ke riƙe da gindin, sai ka cire robar kafaɗa za ka gan shi a ciki. Wasu kuma sukurori ne ta sama da ƙasa. Ja katakon baya a miƙe, kada ka murɗa. Ɗauki hoton kowane mataki da waya.

Tsohon fenti da maganin cire fenti ake fitar da shi, a kankare da ɗan katin roba. Cikin tsagar riƙo kuma tsohon buroshin haƙori ya isa. Na Browning mai ƙyalli yana da taurin kai, sai an maimaita sau da yawa.

To, ga inda na faɗi. Dubi kan katakon, wurin da yake shiga ƙarfe. A tsohuwar bindiga za ka same shi baƙi ƙirin, har da ɗan laushi in ka danna farce. Ba datti ba ne, mai ne. Shekara da shekaru masu ita suna ɗura mata mai suna jingine ta baki sama, man yana gangarowa yana shiga katako. Katakon da ya sha mai ruɓewa yake a hankali, kuma daidai nan ne duk shurin bindiga ke sauka, shi ya sa tsagewa ke farawa daga wurin. Gam ba ya kama shi, sabon fenti ba ya bushewa a kansa.

Yadda ake fitar da shi, a tsoma kan katakon cikin asiton, wani ruwan sinadari mai narkar da mai, a gwangwani mai murfi, a waje, nesa da duk wata wuta, da safar hannu. Bayan kwana ɗaya ko biyu ruwan zai koma kalar shayi. A zubar a sake sabo. Daga nan a kwaɓa garin alli da asiton ya yi kaurin kunu, a shafe wurin da shi, a ajiye inda rana ke bugawa. Zafi na turo man waje, alli na tsotsewa. Da farko allin zai koma ruwan ƙasa, daga baya rawaya. A karkaɗe da buroshi a sake.

Ni sau biyu na yi. Na ga katako ya yi haske, na ce shi ke nan, na hau shafa mai har shafi goma sha biyu. Ta yi kyau, na yi ta nuna wa mutane. Da zafin watan Yuli ya zo, na bar ta a bayan mota na 'yan awoyi, ko da na ɗauko sai na ji wurin riƙo na manne mini a tafin hannu kamar ƙaro. Baƙin ya dawo ta ƙarƙashin fentin, ya yi zobe kewaye da wuyan katakon. Wani dattijo a kulob ya karɓa ya shinshina, ya miƙo mini bai ce uffan ba. Na koma na cire duk abin da na shafa, na fara daga farko, kuma a karo na biyun sai da na kwashe sati uku ina shafa alli ina karkaɗewa. Gwajin da nake yi yanzu mai sauƙi ne. In alli ya bushe fari fat, sai in goge, in bar katakon a rana yini guda ba komai a kansa. In ya yi gumin mai ko ɗigo ɗaya, da saura.

Sai man ya fita sarai za ka ga tsagewar da ya ɓoye. Buɗe ta kaɗan, ka tura gam ɗin efoksi ciki, ka ɗaure da tsinken robar tayar keke ya kwana. Wuraren da suka loɓa kuma ka ɗora jiƙaƙƙen tsumma ka danna da dutsen guga mai zafi, tururi zai taso da su. Wannan na aiki ne kawai inda katako ya danne. Inda ya yanke babu abin da tururi zai yi, kuma ni bari nake, tabon shekaru ne.

Samfefa kuwa, in da hali kada ta wuce minti ashirin a hannunka. Fara da mai lamba 320 ka gama da 400, a naɗe a ɗan katako, kana bin tsawon jijiyar itacen. Rufe tsagar riƙo da tef. Bar tazarar inci guda daga duk gefen da ke taɓa ƙarfe, ko kusa kada ka je. A masana'anta da gangan ake barin katako ya ɗara ƙarfe tudu kaɗan, kuma abin da ka goge ba ya dawowa.

Wajen shafi mutane sun kasu. Tru-Oil, wani man shafa wa katakon bindiga da ake sayarwa, na bushewa da wuri, yana ƙyalli. Dafaffen man linsid na ɗaukar lokaci, amma shi ke ba da irin hasken nan mai sanyi da ya dace da tsohuwar bindiga, kuma shi nake bi. Ɗigo biyu ko uku a yatsa, ka murza da tafin hannu har wurin ya yi ɗumi, ka goge ragowar, ka rataya awa 24. In ka ga ya yi maiƙo ka zuba da yawa. Cikin tsaga shafi ɗaya siriri da buroshi a ƙarshe ya isa. Tsumman da ya sha linsid kada ka dunƙule shi a kwandon shara, yana kama wuta da kansa. Shanya shi a waje ko ka jefa a ruwa.

Ƙarfe ka ƙyale shi. Tsatsar sama soson ƙarfe mai lamba 0000 da ɗan mai ke ɗauke ta. Launukan nan kamar bakan gizo da ke jikin tsofaffin Ithaca da Parker kada ka goge su da komai. In kuma ka matsa sai an sake baƙanta bututu, ka gaya wa maƙerin kada ya tsoma shi a tafasasshen ruwan gishirin rini, don yana cinye dalmar da aka liƙa doron da ita. Rinin tsatsa ake yi wa irinsu, a hankali, kuma ya fi tsada. Robar kafaɗa da ta ƙandare a canza ta kawai.

Fili

Kafin harbin farko maƙeri ya auna maka mazaunin harsashi. Wasu tsofaffin bai kai inci 2¾ na harsasan yanzu ba. Ƙwayoyin dalma kawai, lamba 7½ ko 8, oza ɗaya ko 1⅛, marar ƙarfi. Ƙwayoyin ƙarfe na kumbura matsattsen bakin tsohuwar bindiga.

Kafa babbar takarda a yadi 40, ka harbi tsakiya, ka zana da'ira mai faɗin inci 30 a inda ƙwayoyin suka fi taruwa. Za ka ga kashi 60 ko 70 sun sauka sama da inda ka saita. Haka aka gina ta, tunda faifan yana kan hawa ne lokacin da ake harbinsa. Saboda haka ba a rufe faifai da bakin bindiga, ana barinsa yana iyo a sama da ɗigon saiti. Kunci a manne da katako, ido a kan faifai, ka kira "pul" don a cillo shi, ka bi shi, ka ja kunama ba tare da tsayar da hannu ba. Yawancin kuskuren sabon shiga ɗaga kai ne don ya ga faifan ya tarwatse.

Tabarau da abin toshe kunne dole ne. Harsashi ɗaya, kuma ba a rufe bindiga sai layi ya zo kanka. Daga tasha ta biyar zuwa ta ɗaya ta bayan mutane ake bi, bindiga a buɗe, ba komai a ciki. In ka dawo gida ka goge ta, mai ɗan kaɗan a mahaɗa, ka jingine ta baki ƙasa.