Juyen mai da hannunka: kurakuran da ke cinye garantin sabuwar mota

Wanda ya sayi 'yar Beljiyam da aka sauke a tashar Duwala, wannan magana ba tasa ba ce, don shi garantinsa Allah ne da makanikensa. Da mai sabuwar mota nake, wanda ya fito da ita daga kamfani da ledar kujeru, aka haɗa masa da ɗan littafin nan da muke kira karne. A motocin Toyota garantin yakan kai shekara 3 ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika.

Kuskure na farko daga waya yake fitowa. Mutum ya kalli bidiyon wani Ba'amurke yana cewa kamfani ba shi da ikon soke garanti don ka juye mai da kanka. Gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar ƙasarsu ce: dokar Magnuson-Moss ta 1975 ce ta ba shi wannan baki, kuma ba ta aiki a Garwa ko Njamena. Kai takardar da ka sa wa hannu ita ce alƙalinka. Karanta ta, ko ka ba wanda ya ji Faransanci sosai ya karanta maka. Idan ta ce babban sabis a garejin dillali ake yi, ka kai can. Duba mai, awon iskar taya, wanke kan batir, sauya robar goge gilashi, waɗannan naka ne.

Sai maganar shaida, kuma a nan aka fi yin asara. Wani maƙwabcina a Marwa yana kula da Hilux ɗinsa fiye da yadda yake kula da kansa, bai taɓa wuce lokacin juye ba. Ranar da injin ya fara ƙara aka ce ya kawo rasit, sai ya hau rantsuwa. Na ce masa, "Alhaji, ai rantsuwa ba ta shiga kwamfuta." Man gaske ya riƙa saye, amma a shagon da ba a rubuta komai. Gyaran wannan ba ya cin ko sefa ɗari: duk abin da ka saya, baƙin mai ko filta, a ba ka rasit mai kwanan wata da sunan kayan. Ka rubuta kilomitar motar a bayansa, ka ɗauki hoton mita da galan ɗin tare. Rasit na inji yana goge kansa cikin zafinmu, saboda haka hoton ya fi takardar daɗewa.

Littafin motar yana da jadawali iri biyu, na tuƙin sauƙi da na tuƙin wahala. Yawancinmu mukan zaɓi na farko don ya fi arha. Motar da ke shan ƙurar hunturu, ta bi hanyar Mora zuwa Kuseri, ta tsaya a ranar Afrilu da zafi ya haura digiri 40, ba ta san sauƙi ba. Jadawali na biyu ne nata, inda juye kan sauko zuwa kilomita 5,000. Lambar man ma a littafin take. In an rubuta 5W-30, kada wani ya ce maka mai kauri ya fi dacewa da ƙasar zafi ka zuba 20W-50.

Filtar iska kuma, a daina hura ta da iskar mai faci. Ƙarfin iskar yana yaga takardar ta inda ido ba ya gani, ƙura ta wuce cikin injin ta riƙa cin zobban fistin kamar gara. In ta toshe, sabuwa.

Zuwa-zuwa, wato fetur ɗin kwalba na bakin hanya, da dizal na jarka suna da arha, na sani, ni ma na sha tsayawa. Amma injin dizal na zamani ba ya yafe ruwa ko datti, nozul masu fesa mai cikin injin ne ke fara tafiya, kuma lalacewar da gurɓataccen mai ya jawo ba ta cikin garanti. Haka ruwan rijiya a lagireto, maimakon ruwan sanyayawar da littafin ya ambata.

Akwai kuma taimakon da ba ka roƙa ba. Ka kai mota a ɗaure maka ƙusa ɗaya, yaron gareji ya ce, "Oga, mu cire tamostat, nan ba ƙasar sanyi ba ce." Kada ka yarda, tamostat ne ke daidaita zafin inji. Kada kuma a yanke waya don sa fitilar ado ko na'urar bibiya, a yi ta soket. Fitilar gargaɗi in ta kama a gaban direba, ba a cire kan batir don ta mutu. Ɗauki hotonta, ka kira dillali a ranar, ka ajiye saƙon da ka tura masa.